Idon Na'ura da Idon Mai Nono: Yadda Ake Lura da Hayayyafar Ƙwayoyin Tsami ta Hanyar Haske

Gabatarwa

Ya kai manomi ko makiyayi, da ke uwargida mai sana'ar nono, wannan bayani ya shafi waɗansu ma'aikata ne da kuke sa wa aiki kullum ba tare da kun taɓa yin ido biyu da su ba. Su ne ke sa madara ta yi barci ta zama kindirmo, su ne ke ba koko da kunun zaki ɗanɗanon tsaminsu, 'yan'uwansu ne kuma ke mayar da kalwa daddawa. Masana kimiyya suna kiran yawancinsu bakteriya, waɗansunsu kuma yis, wato irin wanda masu gidan burodi ke zubawa a cikin kwaɓi. Ƙanƙantar bakteriya ta kai a jera kusan guda 1,000 a kan tsawon milimita ɗaya. Tun da yake ido ba ya ganinsu, tambayar da ta daɗe tana ci wa masu wannan sana'a tuwo a ƙwarya, tun daga mai tukunya ɗaya har zuwa masana'anta mai tanki na lita 10,000, ita ce: yaya za a san yawansu a cikin abin da ake haɗawa, kuma yaushe aikinsu ya kai daidai inda ake so a tsayar da shi?

Ɗaya daga cikin manyan amsoshin da masana'antu suka dogara da su a yau ita ce haske. A wannan fitowa za mu bayyana maka yadda ake yin hakan, da abin da ƙungiyar masu madara a ƙauye za ta iya ɗauka daga ciki ba tare da ta sayi na'urar miliyoyin naira ba, da kuma abin da hasken ba ya iya gani.

Dalilin da ya sa muka dubi Nguru da Gashuwa

Ƙasar da ke tsakanin Nguru da Gashuwa, a arewacin Jihar Yobe, ƙasa ce ta rairayi da ƙarancin ruwan sama, amma Allah Ya yi mata baiwar fadama. A nan ruwan Kogin Haɗeja da na Jama'are ke malala kafin ya tattaru ya zama Kogin Yobe, wanda ya bi ta Gashuwa ya nufi Tafkin Chadi. A shekarar 2000 aka sanya Tafkin Nguru da mashigar Marma cikin jerin fadamun duniya masu muhimmanci a ƙarƙashin yarjejeniyar Ramsar. Ko da yake malalar ruwan ta sauya tun bayan gina madatsar Tiga a 1974 da ta Challawa a 1992, kachala kuma ta toshe hanyoyin ruwa da dama, har yanzu da zarar ciyawar tudu ta bushe garkunan shanu kan gangaro fadamar domin cin rani.

Ga inda matsalar take. A watannin Afrilu da Mayu zafin rana a wannan yanki kan haura digiri 40, da dare a watan Janairu kuwa yakan sauka ƙasa da digiri 15. Ƙwayoyin da ke cikin madara suna bin zafi ne sau da ƙafa. Saboda haka ƙwaryar da ta kwana ta yi barci lafiya lau a watan Nuwamba, ita ce za ta ƙi yin barci a tsakiyar hunturu, ita ce kuma za ta tsinke ta yi tsami kamar tsamiya a bazara, alhali hannun da ya haɗa ta bai sake ba.

Nguru ta saba da fitar da amfanin ƙasa zuwa nesa. Tun da layin dogo ya iso garin daga Kano a 1930 aka riƙa lodin shanu da fatu da gyaɗa zuwa kudu. Madara ce ba ta sami irin wannan gata ba, domin ba ta jure doguwar tafiya. A 2024 Gwamnatin Tarayya ta ƙaddamar da manufar ƙasa kan madara, ta kuma kafa ma'aikata ta musamman domin bunƙasa kiwo. Duk inda aka kafa wurin tattara madara domin sayar wa kamfani, ba a karɓar ko lita ɗaya sai an gwada. Wanda bai san abin da ake gwadawa ba, shi ne zai koma gida da jarkarsa yana cewa an yi masa rashin adalci.

Yadda ƙwayoyin ke hayayyafa

Bakteriya ba ta haihuwa irin ta dabba. Idan ta ci ta ƙoshi sai ta rabe biyu, kowane ɓari ya zama cikakkiyar halitta. In abinci ya wadata, zafi kuma ya yi daidai, waɗansu kan yi wannan rabuwa kowane minti 20 zuwa 30. Ɗauki alƙalami ka lissafa. Ƙwaya ɗaya mai rabewa kowane rabin awa za ta zama 1,024 cikin awa 5, cikin awa 10 kuwa ta haura miliyan ɗaya. Madara kuma ba da ƙwaya ɗaya take farawa ba. Da dubbai take barin hannun mai tatsa, in kuwa ƙwaryar tatsa ba ta wanku ba, da dubban ɗaruruwa.

Rayuwarsu a cikin tukunya tana da zango huɗu. Da farko akwai zangon shiri, inda suke sabawa da sabon wuri, yawansu bai cika ƙaruwa ba. Sai zangon hayayyafa, inda suke ninkawa babu ƙaƙƙautawa. Idan abinci ya fara ƙarewa, ko tsamin da suka fitar da kansu ya dame su, sai su shiga zangon tsayawa. Daga nan sai zangon mutuwa. Duk wata dabarar mai sana'ar tsami ta taru ne a kan sanin zangon da ake ciki. Alal misali, ragowar kindirmon jiya da uwargida ke ɗiba ta zuba cikin sabuwar madara, wanda za mu kira iri, idan an ɗebe shi yana sabo ƙwayoyinsa na da ƙarfi, nan da nan za su kama aiki. Idan ya kwana uku cikin zafi, yawancinsu sun mutu ko sun galabaita, zangon shirinsu zai yi tsawo, kafin su farfaɗo baƙin ƙwayoyi masu ɓata madara sun riga su cin gari.

Abin da ƙwayoyin kirki ke yi shi ne, suna cin sukarin da ke cikin madara su mayar da shi tsami. Akwai ma'aunin tsami da ake kira pH, wanda lambarsa ke raguwa gwargwadon ƙaruwar tsami. Sabuwar madara tana wajen 6.6 zuwa 6.8. Idan ta sauko wajen 4.6 sai sinadarin gina jiki da ke cikinta ya dunƙule, shi ne ake cewa ta yi barci. Kamfanonin yogot suna amfani da iri biyu na bakteriya, Lactobacillus bulgaricus da Streptococcus thermophilus, a zafin digiri 42 zuwa 45, aikin kuma kan kammala cikin kimanin awa 4 zuwa 6. Louis Pasteur ne, masanin nan na Faransa, ya nuna a 1857 cewa halittu masu rai ne ke kawo wannan tsami. A 1878 likitan Ingila Joseph Lister ya ware bakteriyar tsamin madara ita kaɗai ya raine ta.

Inda haske ya shigo

Ka ɗebi ruwan Kogin Yobe a farar kwalba lokacin da sabon ruwa ya iso da damina, ka ɗaga ta saitin rana. Sa'an nan ka ɗebi ruwan rijiyar burtsatse ka yi haka. Na biyun zai bar haske ya wuce sarai, na farkon kuwa ƙurar laka da ke yawo a ciki za ta tarwatsa shi. Ƙwayoyin bakteriya ma haka suke yi wa haske. Idan aka raine su cikin romo mai garai-garai, da yawansu ya kai miliyoyi a kowace mililita sai romon ya fara yin hazo, kuma gwargwadon ƙaruwarsu gwargwadon kaurin hazon.

A 1907 wani likita a Amurka mai suna Joseph McFarland ya haɗa jerin ƙananan kwalabe masu hazo daban-daban, daga marar kauri zuwa mai kauri, domin a riƙa kwatanta su da romon ƙwayoyi da ido. Har gobe ɗakunan gwaji na asibitoci suna aiki da ma'auninsa: kwalbar da ke da lamba 0.5 tana daidai da ƙwayoyi kimanin miliyan 150 a mililita ɗaya. Daga baya aka maye gurbin idon mutum da na na'ura. Tsarinta ba shi da wuyar fahimta. Akwai 'yar fitila a gefe ɗaya, akwai idon lantarki a ɗaya gefen, romon yana tsakani. Akasari ana amfani da haske mai launin ruwan goro, wanda tsawon zangonsa nanomita 600 ne. Idan kashi ɗaya cikin 10 kaɗai na hasken ya tsallake, na'urar za ta rubuta 1. Idan kashi ɗaya cikin 100 ne, ta rubuta 2. Da irin wannan awo na hazo ne masanin Faransa Jacques Monod ya bi diddigin hayayyafar bakteriya a shekarun 1940, ya fitar da lissafin da injiniyoyin masana'antu ke amfani da shi har yau.

A masana'anta ba a son buɗe tanki, domin kowace buɗewa ƙofa ce ga baƙin ƙwayoyi. Don haka ake soka wani sandan ƙarfe marar tsatsa ta jikin tankin, mai 'yar taga ta gilashi a bakinsa, wanda ke jure turirin da ake kashe ƙwayoyi da shi a zafin digiri 121. Sandan yana harba wani haske da ke gaba da ja, wanda idon mutum ba ya gani, ya auna wanda ya tsallake ko wanda ya dawo, ya aika wa kwamfuta kowane ɗan lokaci. Ma'aikaci yana zaune yana kallon layi yana hawa a allo. In layin ya miƙe sama, ana zangon hayayyafa. In ya fara kwantawa, lokacin ƙara abinci ya yi, ko lokacin girbi. In kuwa ya ƙi tashi a lokacin da ya saba, an san akwai matsala tun kafin a yi asarar yini guda. Akwai kuma waɗansu sanduna masu auna iskar shaƙa da ta rage cikin romon ta hanyar ƙyallin wani fenti, da masu auna ƙyallin wani sinadari da ke cikin ƙwayoyi masu aiki idan an haska su.

Kada ka ɗauka wannan al'amari ya yi nisa da gonarka. Farin magi da ake sayarwa a kasuwar Gashuwa, bakteriya ce ke yin sa a cikin tanki, ta hanyar da aka gano a Japan a 1956. Maganin fenisilin daga tanki yake fitowa. Alluran rigakafin ciwon huhu da harbin daji da Cibiyar Binciken Cututtukan Dabbobi ta Ƙasa da ke Vom ke yi, sai an raini ƙwayoyin cutar tukuna. Haka ma garin NoduMax na cibiyar IITA da ke Ibadan, wanda ake cuɗa irin waken suya da shi kafin shuka, bakteriya ce mai rai a ciki. A kowane ɗaya daga cikin waɗannan, in ƙwayoyin ba su kai adadin da ake bukata ba, manomi ne zai biya kuɗin abin da ba zai yi masa aiki ba.

Madara ba ta barin haske ya wuce

To, sai dai madara ta zo da nata hali. Tun daga hantsa fara take tas, domin ɗigon mai da sinadarin gina jiki da ke cikinta sun riga sun tarwatsa duk hasken da ya shiga. Ko ƙwayoyi sun kai miliyan 100 a mililita, ba za ka ga hazonsu ba. Wannan shi ya sa madarar da ta kusa lalacewa da wadda aka tatso yanzu suke kama ɗaya a ido. Masana sun bi ta hanyoyi uku domin kewaye wannan cikas, kuma ta ukun ce ta fi shafarka.

Hanya ta farko ita ce auna hasken da ya dawo. Yayin da madara ke shirin yin barci, ƙananan ƙwayoyin sinadarin gina jiki suna mannewa da juna, yawan hasken da suke mayarwa kuma yana sauyawa. Tun wajen 1990 masu bincike a Jami'ar Kentaki ta Amurka suka yi aiki a kan wani sanda mai bin wannan sauyi domin ya faɗi lokacin da ya kamata a yanka cuku, daga baya aka gwada dabarar a kan madarar da ake sa wa iri. A gaskiya uwargida a rugar da ke bayan Jajimaji ta riga su wannan aiki. Idan ta ɗaga faifai da asuba ta karkata ƙwarya, tana duban sheƙin da ke saman kindirmon ne, da yadda yake motsi gaba ɗaya, da ko ruwa mai ɗorawa-ɗorawa ya fara taruwa a gefe, da ko akwai ƙananan ramukan kumfa. Bambancin kawai, nata awon yana cikin kanta, ba ya zama lamba, ba ta kuma iya yin sa ba tare da ta buɗe ba.

Hanya ta biyu ta manyan ɗakunan gwaji ce. Akwai na'ura, irin BactoScan ta kamfanin Foss na ƙasar Denmak, wadda ke rina ƙwayoyin da wani fenti mai ƙyalli, ta tura su ɗaya bayan ɗaya ta gaban siririn haske mai ƙarfi, ta ƙidaya su cikin mintoci. Tsohuwar hanyar shuka su a faranti a jira su tsiro tana cin kwana 2 zuwa 3. A Tarayyar Turai doka ta hana ɗanyar madarar shanu wuce ƙwayoyi 100,000 a mililita. Wannan na'ura ba ta ƙungiyar ƙauye ba ce, mun ambace ta ne domin ka san inda duniya ta kai.

Hanya ta uku ita ce a sa wa madarar launi, a bar ƙwayoyin su cinye shi. Ƙwayoyi masu rai suna zuƙe iskar shaƙa da ke cikin madara, idan kuma ta ƙare akwai waɗansu rini da ke rasa launinsu. Mafi daɗewa shi ne shuɗin metilin, wanda masu madara a Turai suka fara aiki da shi tun farkon ƙarni na 20. Ana zuba madara mililita 10 a cikin tsabtataccen bututun gilashi, a ƙara ruwan rinin mililita 1, a toshe, a juya a hankali, a tsoma cikin ruwa mai ɗumin digiri 37, a rufe daga haske, a riƙa dubawa kowane rabin awa. Idan shuɗin ya ɓace madarar ta koma fara cikin rabin awa, ƙwayoyi sun yi mata katutu. Idan ya kai awa 5 ko fiye bai ɓace ba, madarar mai kyau ce.

Matsalarsa ita ce jira, domin ba wanda zai tsayar da makiyayi awa 5 a bakin rumfa. Shi ya sa wuraren tattara madara suka fi son rini na biyu, rezazurin, wanda aka fara gwada shi a kan madara a Jamus a 1929. Shi ba lokaci ɗaya yake ɓacewa ba. Daga shuɗi yakan koma shunayya, daga nan ya koma ruwan hoda, sa'an nan fari. Ana haɗa shi kamar na farkon, a tsoma minti 10 kacal, a fito da shi a kwatanta da wani faifan launuka mai lamba daga 6 zuwa 0. Lamba 6 da 5 da 4 ana karɓa. Lamba 3 da 2 ana ware su gefe. Lamba 1 da 0 ana mayarwa. Kayan aikin duka duka bututu ne, da ƙwayar rinin, da ma'aunin zafi, da mazubin ruwan ɗumi, da agogo. A ganinmu, ƙungiyar da ta iya wannan gwaji na minti 10 ta fi amfana a kan wadda ta ci bashi ta sayo na'urar da babu mai gyara ta tsakanin Damaturu da Kano. Madarar da aka sa wa rini ba a shan ta, zubar da ita ake yi.

Abin da hasken ba ya gani

Dole mu yi maka gargaɗi a nan, domin mutane na da saurin ba na'ura gaskiya fiye da yadda ta cancanta. Ma'aunin hazo ba ya bambanta ƙwaya mai rai da matacciya, duk tarwatsa haske suke yi. Kumfar iska da dattin da ya manne a tagar sanda sukan ruɗe shi. Idan romo ya yi kauri ƙwarai, lambar da yake bayarwa takan gaza ainihin yawan ƙwayoyin, sai an sirka da ruwa an sake aunawa. Kuma lambar wannan na'ura ba lallai ta yi daidai da ta waccan ba, sai kowace an daidaita ta da ƙidaya ta haƙiƙa.

Gwajin rini shi ma yana da makantarsa. Madarar saniya mai kumburin hantsa takan sauya launin rezazurin da sauri ko da ƙwayoyin ba su da yawa. Mafi muni kuma, madarar saniyar da aka yi wa allurar kashe ƙwayoyin cuta, irin oksitetirasaikilin ɗin nan mai dogon aiki da ake saye a kasuwannin dabbobi, takan riƙe shuɗinta ta yi kamar ta fi kowace tsabta, alhali maganin ne ya danne ƙwayoyin. Irin wannan madara in ta shiga tanki sai ta raunana irin da aka zuba, madarar mutum hamsin ta ƙi yin barci saboda saniya ɗaya. Kamfanoni suna da gwaji na daban domin kama ta, shi ma na launi ne: ana zuba madarar a kan wata bakteriya mai son zafi, a ajiye a digiri 64 na kimanin awa 3. In ta hayayyafa launin ya koma ɗorawa, babu magani. In ya tsaya shunayya, akwai. Saboda haka ka karanta kwanakin jira da ke jikin kwalbar magani, ko ka tambayi malamin dabbobi, ka ware madarar wannan saniya har su cika.

Babu kuma ɗaya daga cikin waɗannan gwaje-gwaje da zai gaya maka ko akwai ƙwayar tarin fuka ko ta bakkale, cutar nan mai sa shanu ɓari, wadda ke sa wa mutum zazzaɓi mai tafiya yana dawowa. Ƙwayoyin kaɗan ne ke isa su kama mutum, yawansu bai kai ya sauya launin rini ba, tsamin nono kuma ba abin dogaro ba ne wajen kashe su. Wuta ce maganinsu: digiri 63 na minti 30, ko digiri 72 na daƙiƙa 15, ko kuma a gida a bar madarar ta tafasa.

Abin da za a iya farawa da shi yanzu

Ke uwargida, ga wata dabara da ba ta cin ko sisi. Bayan kin dafa madara ta huce zuwa ɗumin da bai wuce digiri 45 ba, kin zuba iri kimanin babban cokali 2 a kowace lita kin gauraya, ki ɗebi kaɗan ki zuba a cikin farar kwalba da aka wanke da tafasasshen ruwa, ki rufe, ki ajiye ta jikin babban mazubin, ki lulluɓe su tare. Wannan kwalba ita ce tagarki. Ita za ki riƙa ɗagawa kina karkatawa a gaban haske, babban mazubin kuwa a bar shi a rufe. Idan madarar kwalbar ta tsaya cak ba ta gangara, aiki ya yi, sai a sanyaya. Idan ruwa ya raba gari da guda, an makara. Idan kika ga kumfa tana hawa ta jikin gilashi, ko gudan ya tsattsage da ramuka, baƙin ƙwayoyi masu fitar da iska sun shiga, kada ki ɗebi irin gobe daga nan. Ki tuna ƙaramar kwalba tana saurin hucewa fiye da babban mazubi, shi ya sa ake lulluɓe su wuri ɗaya.

Kai kuma sakataren ƙungiya, aikin da kwamfutar masana'anta ke yi littafi da biro za su yi maka rabinsa. Kullum a rubuta lokacin da aka zuba iri, da zafin madara a lokacin, da lokacin da ta yi barci. Cikin mako biyu za ka san awannin da irinku ya saba ɗauka a wannan yanayi. Ranar da ya ƙara awa 2 ko 3 a kan al'adarsa alhali sanyin gari bai ƙaru ba, a bincika: ko irin ya tsufa, ko an yi wa wata saniya allura, ko ba a ɗauraye sabulu daga mazubi ba. Da hunturu a lulluɓe da bargo ko a sa cikin kwandon dusa. Da bazara a rage awannin jira, kada a bar abin da ya gama cikin awa 6 ya kwana har safiya cikin zafi.

Sanyayawa ita ce birkin ƙwayoyin. Ɗanyar madara ana so ta sauka zuwa digiri 4 cikin awa 3 zuwa 4 bayan tatsa, wannan kuwa sai da firji, ko na lantarki ko na hasken rana. Inda babu, ko dai a kai ta wurin tattarawa da sassafe, ko a dafa ta nan take. Tukunya cikin tukunya mai jiƙaƙƙen yashi a tsakani, wadda marigayi Malam Mohammed Bah Abba ya yaɗa a ƙauyukan Jihar Jigawa har ta kai shi ga samun kyautar Rolex a 2000, tana aiki sosai a busasshiyar iskar Nguru da Gashuwa, tana kuma rage wa kindirmo saurin tsami. Amma ba ta kai sanyin firji ba, kada a dogara da ita wajen ajiye ɗanyar madara.

Idan ƙungiyarku ta kai matsayin sayen kayan gwaji, ku fara da ma'aunin zafi, da ma'aunin nauyin madara mai tona asirin sirki da ruwa, wanda ya kamata ya nuna tsakanin 1.026 da 1.032, sa'an nan kayan rezazurin. A yi gwajin a gaban mai madara, a nuna masa launin bututunsa kusa da faifan launuka, domin abin da mutum ya gani da idonsa ba ya musu a kansa. A ajiye ƙwayar rinin a wuri mai duhu, a haɗa sabon ruwansa kowace rana da tsabtataccen ruwan da aka dafa ya huce. Domin koyon yadda ake haɗawa da karantawa, ku nemi malamin gona ko na dabbobi na ƙaramar hukumarku, ko ku tura wakilai Jami'ar Tarayya ta Gashuwa, wadda aka kafa a 2013, su nemi malaman fannin noma da na kimiyya su nuna musu a aikace.